Kowane Ɗaki Da Makunninsa: Sharhi Kan Raba Sauti A Gidajen Kura Da Bunkure

 Gaisuwa ta musamman ga manoman rani na Kura da Bunkure da Garun Malam, da mutanen Kadawa da Karfi, da masu hada-hadar tumatir a Kwanar Gafan, da iyayenmu mata da ke turara shinkafa a cikin gidaje. Allah Ya sa albarka a cikin nema.

Sharhinmu na yau ya shafi wani abu da ya shigo gidajenmu sannu a hankali, har ya zauna daram ba mu taɓa zama mun tsara shi ba, wato sauti. A wannan yanki namu, idan kaka ta yi kyau, aka sayar da shinkafa ko albasa ko tumatir kuɗi suka shigo, cikin abubuwan da magidanci kan fara saya akwai farantin sola da batir, sai kuma sifika. Shekara ta zagayo, a ƙara wata. Kafin a ankara, gida ɗaya ya tara na'urori biyar ko shida, kowacce tana nata kukan. Maigida yana zaure da rediyonsa yana jin labaran duniya. Uwargida ta jingina waya a bakin madafa tana jin wa'azi. Amarya tana da 'yar sifikarta ta Bluetooth. Samari a shago sun ƙure tasu. Tsohuwa kuwa, wadda ta fi kowa son karatu, tana can ƙuryar gida ba ta da ko ɗaya, sai abin da iska ta kwaso mata. A ƙarƙashin gado ga kwali cike da kasakasai, shekara da shekaru ba a kunna su ba. Kowa yana sayen batir, kowa yana sayen data, kowa yana neman wurin caji, amma babu wanda ke jin abin da yake so cikin natsuwa.

Shawarar da na kawo ita ce a haɗa waɗannan duka wuri guda: rediyo da kaset irin na da, da memori da intanet irin na yanzu, su fito daga tushe ɗaya, a raba su ɗaki-ɗaki. Amma da sharaɗi, kuma sharaɗin nan shi ne zuciyar maganata: duk ɗakin da aka kai wa sauti, a bar wa mai ɗakin ikon ƙarawa da ragewa da kashewa.

Kada wani ya ɗauka wannan sabon abu ne a ƙasar Kano. Rediyo da kansa ta igiyar waya ya fara shigo mana. A shekarar 1935 aka buɗe irin wannan tsari a Legas: tasha guda ce ke kama shirye-shiryen BBC daga Landan, sai ta tura su ta igiyar waya zuwa akwatunan sifika a gidajen waɗanda suka biya kuɗi. A shekarar 1944, zamanin Sarkin Kano Abdullahi Bayero, aikin ya iso Kano. Injiniyoyi suka kakkafa lasifikoki a wuraren taruwar jama'a, irin su gidan waya da ɗakin karatu na jama'a da kusa da majalisar Sarki, masu hali kuma suka sa aka ja musu waya har gida. Birni guda, tushe guda, sifikoki barkatai. Wannan shi ne ainihin abin da muke magana a kai, sai dai nasu ya game gari, namu zai tsaya cikin katangar gida.

Tsarin nan bai ɗore ba, kuma dalilin yana da amfani a gare mu. Mai akwatin waya ba shi da zaɓin tasha. Abin da aka turo shi zai ji. Mai wucewa ta ƙarƙashin lasifikar titi kuwa ko kashewa ba zai iya ba. Da ƙananan rediyoyi masu batir suka wadata, jama'a suka koma musu, domin a nan mutum ke murɗa abin da ransa ke so. Sashen Hausa na BBC ya fara a 1957, Rediyon Kaduna a 1962, Muryar Jamus ta fara Hausa a 1963, Muryar Amurka a 1979, sannan a ƙarshen 2003 Freedom Radio ta buɗe a Kano, tashoshin FM masu zaman kansu suka biyo baya. Duk lokacin da zaɓi ya ƙaru, mai sauraro yana bin wurin da makunni ke hannunsa. Wanda zai ja wa iyalinsa sifika a yau ya riƙe wannan darasi.

To yaya ake gina abin? Mutanen Kura da Bunkure ba sa buƙatar dogon bayani, domin taswirar tana shimfiɗe a gonakinsu. Tun da aka kammala madatsar ruwa ta Tiga a 1974, zamanin Gwamna Audu Baƙo, ruwa ke gangarowa ta babban kanal, ya rabu zuwa matsakaita, ya sake rabuwa zuwa ƙanana, har ya iso bakin gonar mutum. Kowane manomi ya san abu uku. Na farko, in tushe ya gurɓata, kowa gurɓataccen ruwa zai samu. Na biyu, in hanya ta yi ƙunci ko tana yoyo, na ƙarshen layi ne ke shan wahala. Na uku, gonar da ba ta da mashiga da za a iya toshewa, ruwa zai kwanta mata har shuka ta ruɓe. Haka sauti yake a gida. Tushe shi ne rediyo da rikoda da waya. Amfilifaya ita ce mai turawa. Igiyar waya ita ce kanal. Makunnin da ke bangon kowane ɗaki shi ne mashigar gona. Bari mu bi su ɗaya bayan ɗaya.

Mu fara da tushe. Rediyo shi ne na farko, kuma har gobe shi ne mafi arha, tunda iska ba a sayenta. A nemi rediyo mai ramin iyafis, a sa gajeriyar igiya daga wannan rami zuwa bayan amfilifaya. Tashoshin FM na Kano suna isowa wannan yanki, amma rufin kwano yana tare su, don haka a fitar da eriya waje, a ɗaga ta sama da rufi. Masu son gajeren zango su ja doguwar waya siririya daga taga zuwa bishiya ko turke. Wani abu da mutane da yawa ba su lura da shi ba: cajar waya mai arha, da wasu ƙwayayen fitila na zamani, da inbata, duk suna zuba ƙara a gajeren zango da matsakaicin zango. In ka ji rediyonka yana shuu da daddare alhali da rana lafiya lau yake, kashe fitilun ɗaya bayan ɗaya, za ka gano mai laifin. A nisanta rediyo daga irin waɗannan kaya. Da damina kuma, in hadari ya taso, a cire eriyar waje daga jikin rediyo saboda tsawa.

Tushe na biyu shi ne kaset. Kamfanin Philips ne ya fito da shi a 1963, amma a ƙasar Hausa ya samu gida irin wanda bai samu ba a wurare da yawa. Ta kaset tafsirin Sheikh Abubakar Gumi da karatun Sheikh Nasiru Kabara da na Sheikh Isa Waziri da na Sheikh Ja'afar Mahmud Adam suka shiga ƙauyuka. Ta kaset muryar Mamman Shata da Musa Ɗanƙwairo da Ɗan Maraya Jos da Barmani Choge ta shiga motocin haya da shagunan tela. Waɗannan manya, alhamdu lillahi, an ɗora da yawa daga ayyukansu a intanet. Abin da ke damuna shi ne sauran abin da ke cikin kwalin nan: karatun limamin unguwa da ya riga mu gidan gaskiya, walimar saukar karatun ɗa, kiɗan gayya na makaɗin ƙauye, saƙon murya da wani ya aiko wa mahaifiyarsa daga ƙasa mai nisa. Waɗannan ba su a Facebook, ba su a YouTube, ba su a ko'ina sai a wannan zaren. Zafi da laima da ƙura suna cin zaren kaset, maganaɗisun da ke bayan sifika kuma yana iya goge abin da ke kansa. Don haka kada a ajiye kaset a kan sifika, kada a bar shi inda rana ke duka.

A kai tsohuwar rikoda wurin mai gyara ya canja mata bel, ya goge kanta da auduga da sifirit. A haɗa ta da amfilifaya kamar yadda aka haɗa rediyo. Sannan, don Allah, a samu yaro mai kwamfuta ya kwafe kasakasan nan. Akwai manhaja kyauta mai suna Audacity da ke wannan aiki. Kaset na minti 60, in aka mai da shi MP3 mai matsakaicin inganci, bai fi megabayit 60 ba, ke nan memori mai gigabayit 16 zai ɗauki fiye da kaset 250. A rubuta wa kowanne sunan mai magana da garin da shekarar, in an sani, a kuma ajiye kwafi biyu a wurare daban-daban.

Tushe na uku shi ne memori, wanda masu turi suka saba cika mana a kasuwa. Mafi yawan amfilifayoyin yanzu suna da raminsa. Ba ya cin data, ba ya jiran sabis, kuma shi ya fi dacewa da karatun Alƙur'ani da littattafan da malamai suka karantar daga farko zuwa ƙarshe.

Tushe na huɗu shi ne intanet: tashoshin rediyo da ke watsa shirinsu kai tsaye ta waya, da tafsirin azumi da ake haskawa a Facebook da YouTube, da manhajojin waƙa irin su Audiomack da Boomplay da Spotify, wadda ta shigo Najeriya a 2021. A nan lissafi ke nuna amfanin haɗa gida wuri guda. Sauraron murya zalla a ƙaramin inganci, wato kilobit 64 a daƙiƙa, yana cin kusan megabayit 29 a awa ɗaya. Awa 3 kullum, a wata ya kai kusan gigabayit 2 da rabi. In mutum huɗu a gida ɗaya kowa yana jin shiri iri ɗaya a tasa wayar, an haura gigabayit 10. In waya ɗaya ce ke ciyar da ɗakuna huɗu, kuɗin mutum ɗaya aka biya. Bidiyo kuwa ya ninka haka sau da yawa, don haka in murya kaɗai ake so, a rage ingancin hoton zuwa ƙarshe.

Ga gargaɗi ga maigida: kada ka haɗa wayarka ta hannu da sifikokin gida. Ranar da ka manta, saƙon murya na WhatsApp zai shigo, ka danna, maganar bashi ko ta sirrin wani ta fita a kowane ɗaki har da zaure. A ware tsohuwar waya guda don wannan aiki kaɗai, a cire mata manhajojin hira, a haɗa ta da igiya, a ajiye ta inda sabis ya fi ƙarfi. Kada kuma a bar ta a jone da caji dare da rana cikin zafi, batirinta zai kumbura.

Yanzu sai amfilifaya, inda aka fi yin asara. Abin da aka saba gani shi ne a sayo amfilifaya ɗaya, a yi ta murɗa wayoyin sifika a bakinta, biyu, uku, huɗu, har ranar da za ta yi zafi ta yi hayaƙi, a ce kayan yanzu ba su da ƙarko. Sau da yawa laifin na haɗin ne. A bayan kowace sifika akwai lamba da masu gyara ke kira om, galibi 8 ko 4. Wannan lamba tana nuna yadda sifikar ke tare wutar da amfilifaya ke turowa. In ka haɗa sifika biyu masu om 8 a baki ɗaya, ja da ja, baƙi da baƙi, sun koma om 4. In ka haɗa huɗu, sun koma om 2. Mafi yawan amfilifayoyin gida ba a yi su don su sauka ƙasa da om 4 ba. Duk sifikar da ka ƙara, ka ƙara wa injin kaya, har ya gaza.

Mafita tana nan a masallatanmu. Amfilifayar masallaci, irin su Ahuja da TOA da ake samu a kasuwar Sabon Gari, tana da wani baki da aka rubuta wa 100V ko 70V. An yi wannan baki ne musamman don sifikoki masu yawa da waya mai tsawo. Kowace sifika ana sa mata 'yar taransifoma, a zaɓa mata wat ɗin da za ta ja. Daga nan lissafin tarawa ne kawai. Misali, ɗaki 6, kowanne wat 5, ya zama wat 30. A ƙara ta tsakar gida mai wat 10, ya zama 40. Amfilifaya mai wat 60 za ta ɗauke su cikin sauƙi. Ƙa'idar ita ce kada jimillar ta wuce kashi 80 cikin 100 na ƙarfin injin, a bar masa wurin numfashi. Da wannan tsari, igiya ɗaya ce za ta bi ɗakunan a jere, in an yi sabon ɗaki a ƙara masa sifika ba tare da an taɓa sauran ba. Akwai kuma makunnin bango da aka yi wa irin wannan layi, mai rage murya mataki-mataki har zuwa shiru. Shi ne abin da nake roƙo kada a tsallake.

Gaskiya ne wannan layi ya fi kyau da magana da karatu fiye da kiɗa mai nauyin ganga. Wanda ke son jin kalangu da kukuma da cikakken zaƙinsu, ya ajiye sifika biyu masu kyau da ƙaramar amfilifaya a ɗaki ɗaya don wannan, sauran gida ya hau layin gama-gari.

Wani zai ce, to ai layi ɗaya shiri ɗaya ne, in maigida na son labarai uwargida na son wa'azi fa? Wannan tambaya ce mai kyau, amsarta kuma tana cikin igiya. Tun ranar farko a ja igiya mai zare huɗu maimakon biyu. Zare biyu su ɗauki layin farko, na rediyo da kaset. Sauran biyun su ɗauki layi na biyu, na memori da intanet, daga wata ƙaramar amfilifaya. A kowane ɗaki a sa makunnin zaɓi: ɗaya, biyu, ko kashe. Ko kuɗin amfilifaya ta biyu bai samu bana ba, igiyar tana nan tana jira, ba sai an sake fasa bango ba.

Igiyar kanta a kula da ita. A nemi ta jan ƙarfe zalla. Akwai wadda aka yi da sanholo aka shafa mata jan ƙarfe a sama. In ka kankare ta da wuƙa za ka ga fari a ciki, kuma ba ta da nauyi a hannu. Irin wannan tana shanye sauti a hanya, tana kuma karyewa a mahaɗa, sai ɗakin ƙarshe ya riƙa jin murya can ƙasa-ƙasa. Kauri milimita 1.5 ya isa yawancin gidaje. A zura ta cikin bututun roba saboda ɓera da gara da laimar da ba ta rabuwa da ƙasar da ke kusa da kanal. Kada a haɗa ta bututu ɗaya da wayar wutar lantarki, don za ta kwaso gurnani, kuma akwai haɗari. Layin bolt 100 yana iya jan mutum in an ƙure murya, saboda haka a naɗe kowace mahaɗa da kyau, a ɗaga ta inda hannun yara ba ya kai.

Batun wuta kuwa, kowa ya san halin da ake ciki. Alherin da ke nan shi ne yawancin waɗannan amfilifayoyi suna karɓar batir kai tsaye, wasu mai bolt 12, wasu 24. In tana karɓa, a ba ta daga batirin sola ba tare da an bi ta inbata ba. An rage asarar wuta, an rage ƙara. A sa fis kusa da batir. Ga lissafi mai sauƙi: tsarin da ke jan wat 30, in ya yi awa 6, ya ci wat-awa 180. Batir mai bolt 12 da amfiya-awa 100 yana riƙe da wat-awa 1,200, kuma in irin mai ruwa ne, rabin wannan ya kamata a ci don ya daɗe. Ke nan sauti zai yi aikinsa, a bar wa fitila da cajin waya rabonsu. Da hunturu a rufe kayan da ƙyalle in an kashe su, amma kada a toshe musu ramukan shan iska suna aiki.

Matasa za su tambaye ni, me ya sa duk wannan wahalar jan igiya alhali duniya ta koma na'urori marasa igiya? Gaskiya ne a Turai da Amurka akwai kamfanoni irin su Sonos, wanda aka kafa a 2002, da ke sayar da sifikokin da ke magana da juna ta Wi-Fi, kowane ɗaki da shirinsa, ana juya su daga waya. Abu ne mai kyau a inda aka yi shi dominsa: gida mai wuta dare da rana, da intanet mara yankewa, da bango mara kauri. Namu gidajen shimfiɗaɗɗu ne, sassa-sassa, da katangar ƙasa ko bulo da rufin kwano, kuma kowace irin wannan sifika tana son tata wutar. In ta lalace, da wuya a samu mai gyara a kusa. Bluetooth kuwa tafiyarsa kamar mita 10 ce, bango yana rage ta. Yana da amfani tsakanin waya da amfilifaya a ɗaki ɗaya, amma ba zai ɗauki gida ba. Igiya ba ta neman sabis, ba ta neman caji, kuma in ta tsinke yaron mai gyaran rediyo na bakin kasuwa zai ɗaura ta. Wani ƙarin amfani: rediyon da ke zuwa ta intanet yana makara da wasu daƙiƙoƙi a bayan wanda ke zuwa ta iska, shi ya sa in ɗaki biyu suka kama tasha ɗaya ta hanya biyu sai ka ji magana tana bin magana. Sifikokin da ke kan igiya ɗaya tare suke furta kowace kalma.

Jama'a masu sauraro, duk abin da na faɗa zuwa yanzu aikin hannu ne. Saura aikin zuciya, wanda ya fi wuya. Na'urar da ke kai murya kowane ɗaki iko ce, iko kuma amana ne. Alhaji, in ka ja wa ɗakin amarya, ka ja wa na uwargida irinsa, rana ɗaya, sifika iri ɗaya. Adalci tsakanin iyali yana shiga har cikin irin waɗannan ƙananan abubuwa, kuma su ne ake riƙewa a zuci. Ɗakin tsohuwa da na tsoho su ne na farko a layi, domin su ne idonsu ya raunana, ƙafarsu ta gaza kai su majalisin karatu, kunne ya zame musu taga. A sa musu makunni kusa da shimfiɗa, inda hannu zai kai ba sai an tashi ba. Mai jego da jariri, da mara lafiya, da ɗalibi mai haddar dare, da manomin da ya kwana ban ruwa ya dawo da hantsi yana neman barci, kowannensu yana da haƙƙin shiru. Abin alheri ma in aka tilasta wa kunne shi, gundura yake haifarwa.

Karatun Alƙur'ani yana da nasa ladabi. A Suratul A'araf, aya ta 204, an umarce mu da sauraro da yin shiru idan ana karanta shi. Saboda haka bai dace a sake shi a kowane lungu ana hira da ciniki da wasan yara a kansa ba, balle a kai sifika kusa da makewayi. Makunnin ɗaki yana ba wanda ya shirya sauraro damar buɗewa, wanda hankalinsa ke wani wuri kuma ya rufe, girman karatun ya tsira.

Maƙwabci ma yana da haƙƙi. Sifikar tsakar gida a fuskantar da ita ciki, a sunkuyar da ita ƙasa, kada a ɗora irin mai ƙaho ta masallaci a kan katanga. Hikimar sifikoki da yawa ai ita ce kowacce ta yi magana a hankali kusa da mai ji, maimakon guda ɗaya ta yi ta ihu don na nesa ya ji. Wannan kuma kariya ce ga kunne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗin cewa sauti mai ƙarfin desibel 80 bai kamata babba ya wuce awa 40 a mako yana jin sa ba, kuma in ƙarfin ya ƙaru lokacin yana raguwa da sauri. Ma'auni mai sauƙi shi ne, in sai ka ɗaga murya kafin na kusa da kai ya ji ka, to sautin ya yi yawa. Jin da ƙara ta kashe ba ya dawowa.

Abu na ƙarshe a wannan babi: wasu amfilifayoyin suna da makirfo, kuma yana da amfani a kira yara sallar asuba ko a sanar da cikin gida an yi baƙi. Amma murya ta tafi hanya ɗaya, daga zaure zuwa ciki, a bayyane, kowa ya sani. Kada wani ya yi amfani da wannan dama ya dasa abin sauraron mutane a ɗakunansu. Leƙen asiri haramun ne, kuma gidan da aminci ya fita daga cikinsa, babu na'urar da za ta mayar da shi.

Kirana ga masu gyaran rediyo da masu haɗa sola na Kura da Bunkure shi ne ku koyi lissafin om da na wat, ku riƙa gaya wa mai gida gaskiyar abin da injinsa zai iya ɗauka, ko da hakan zai rage cinikin yau. Ga matasa masu neman sana'a, wannan aiki ne da ake buƙata a gidaje da makarantun Islamiyya da masallatai da injinan casar shinkafa, kuma jarinsa bai wuce mitar gwajin wuta da abin narka dalma da natsuwa ba. Ga magidanta, ba sai an yi duka rana ɗaya ba. A fara da amfilifaya ɗaya da rediyon da ke hannu da ɗaki biyu, a ja igiya mai zare huɗu, a sa makunni a kowane ɗaki. In an sayar da amfanin rani a ƙara, in an sayar da na damina a ƙarasa. Kafin a buga ƙusa ko ɗaya kuma, a tara iyali a tambaye su abin da suke son ji da lokacin da suke son shiru, domin su ne za su zauna da abin.

A nan za mu dasa aya a sharhinmu na yau. Allah Ya ba mu damina mai albarka da rani mai amfani, Ya zaunar da gidajenmu lafiya.